Filin Gwaggo: Jirgin Legas Ya Kwana da Ni a Kwatano

Ina rubuto miki ne raina a jagule. Kwanakin baya ƙanwata da ke aure a Legas ta haihu, maigida ya ba ni izinin zuwa suna. Shi da kansa ya saya mini tikiti, ya kai ni filin jirgin Malam Aminu Kano. Da yamma muka tashi. Da muka kusa Legas sai aka ce hadari ya rufe gari, muka yi ta shawagi, jirgi na girgiza, kowa na salati. Can sai muka ji mun taɓa ƙasa. Har mutane sun fara miƙewa suna ɗauko jakunkuna, sai matuƙi ya ce kowa ya zauna, nan ba Legas ba ce, Kwatano ce.

Mun fi awa uku a cikin jirgi ba a buɗe ƙofa ba. Daga baya aka kwashe mu a mota zuwa wani ɗaki mai gilasai, ga ɗan sanda a bakin ƙofa, nan muka kwana a kan kujeru. Wayata ba sabis, kafin tsakar dare caji ma ya ƙare, cajar kuma tana cikin akwati a ƙarƙashin jirgi. Wata baiwar Allah da layinta ke aiki ta ba ni aron tata, amma wallahi Gwaggo lambar maigida ba ta kaina. Sai da hantsi muka isa Legas.

Tun da na dawo ya canja mini. Bai ce na yi wani abu ba, amma gaisuwa ma da kyar yake amsawa. Yayarsa kuwa a gaban mutane ta ce ita ba ta taɓa jin inda jirgin Kano zuwa Legas ya bi ta wata ƙasa ba, in kuma da gaske ne a nuna mata hatimi a fasfo, tunda ba a shiga ƙasar mutane haka kawai. Ni ko fasfon ma ban tafi da shi ba. Har ni kaina na fara tambaya, yaya aka yi muka kwana a ƙasar wasu ba takarda? Me zan ce musu?

'Yarki daga Kano

'Yata, yayar mijinki ta faɗi gaskiya a abu guda, ba a shiga ƙasar mutane ba takarda. Abin da ya kuɓuce mata shi ne ke ba ki shiga ba. Jirginku ya sauka a Jamhuriyar Benin, amma a wurin hukuma shiga ƙasa yana farawa ne daga teburin jami'in shige da fice, inda ake karɓar fasfo a buga hatimi. Ɗakin gilasan da kuka kwana yana gabanin wannan teburin ne, ɗan sandan da kika gani a ƙofa kuma aikinsa ke nan, ya tabbatar ba wanda ya ƙetare. Don haka hatimin da take nema, da a ce kina da shi, shi ne zai nuna kin fita gari. Rashinsa shaida ce a gare ki.

Sai batun me ya kai jirgin Legas Kwatano. Duk wanda ya taɓa bin mota ta iyakar Seme yana ganin tafiya ce mai nisa, saboda cunkoso da shingayen hanya. A sama kuwa tsakanin Legas da Kwatano kilomita ɗari ne da 'yan kai, kusan daidai da nisan Legas da Ibadan, jirgi ko rabin awa ba ya yi. Abuja ta ninka wannan nisan sau huɗu ko fi. Kafin kowane jirgi ya tashi sai an rubuta a takardar tafiyarsa filin da zai nufa idan inda za shi ya ƙi sauka, kuma sai an zuba masa mai kashi-kashi: wanda zai kai shi, wanda zai kai shi filin na biyu, da na ko-ta-kwana na rabin awa da ba a son a taɓa. Shawagin nan da kuka yi kuna salati, mai yake ci. Matuƙi idonsa na kan ma'auni, yana jiran ko hadari zai wuce, kuma akwai lokacin da dole ya yanke. Sau da yawa Abuja ko Fatakwal ake komawa, don kamfani ba ya son sauka a ƙasar waje, kuɗin sauka da na mai da na masu hidima duk da kuɗin waje zai biya, ga takardu. Amma hadarin damina yana iya tare hanyar komawa, filayen jirgi da dama a Najeriya kuma ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana. In aka kai wannan gaɓar, matuƙi titin da ya fi kusa kuma yake buɗe yake nema, ba ruwansa da tutar da ke kaɗawa a kansa. Ni dai gara a sauke ni a Kwatano da a ci gaba da gwada sa'a a cikin guguwa.

Ƙasar da aka sauka ma ba alfarma ce kawai ta yi ba. Tun 1944 ƙasashe suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Chicago na Amurka, wadda ta haifar da hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, kuma a ciki kowace ƙasa ta ɗauki alkawarin taimaka wa jirgin da ya shiga matsala a samaniyarta. Najeriya da Benin duk suna ciki. Ƙa'idojin hukumar har sun tanadi cewa ƙasa ta samar da hanyar ba fasinja izinin shiga na ɗan lokaci idan larura ce ta karkato da jirginsa ba shi da biza. Sai dai rubutu daban, dare daban. Jirgi ya faɗo wa mutane da daddare ba su shirya masa ba, cike da fasinjoji fiye da ɗari, mafi yawansu daga katin ɗan ƙasa sai lasisin tuƙi, wani ma katin wurin aiki kawai ya nuna ya shiga. Jami'in da ke bakin aiki ba zai ɗauki wannan nauyin shi kaɗai ba, wanda zai iya ba da umarni kuma yana gida yana barci. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya kulle ƙofa har gari ya waye.

Awa ukun farko da kuka yi a cikin jirgi, niyyar kamfani ita ce a sha mai, hadari ya lafa, a koma. Abin da ke rushe wannan shirin galibi shi ne agogon matuƙa. Doka ta ƙayyade awannin da matuƙi zai yi yana aiki a rana, in suka cika ko sararin sama ya yi tas ba shi da ikon tayar da jirgi sai ya huta, ko a kawo wani. Jirgin yamma kuwa sau da yawa matuƙansa tun safe suke kai da kawo tsakanin garuruwa. Abin da ya mai da jiran awa ɗaya kwana ke nan.

Kuma kada wani ya ce miki wannan abin ƙasarmu ne kawai. A Janairun 2024 wani jirgin kamfanin IndiGo ya tashi daga Mumbai za shi Guwahati, duka biyun a cikin Indiya, hazo ya hana shi sauka, ya wuce Dhaka babban birnin Bangladesh. Fasinjojin ba fasfo, suka yi awanni a zaune cikin jirgi har aka kawo wasu matuƙan. A Agustan shekarar kuma jirgin American Airlines daga San Juan ta Puerto Rico zuwa Miami, wanda tafiyar cikin gida ce a wurin Amurkawa, mummunan yanayi ya kai shi Nassau a tsibiran Bahamas. Su ma a wani sashe na filin jirgi aka killace su, kusan awa 14, saboda ba su da fasfo. In yayar mijinki tana da waya mai intanet, jikokinta za su nemo mata labarin.

To, yanzu shaida. In kin ajiye katin shiga jirgi, lambar jirgin da ranar suna jiki. Ki ba wani ɗan'uwanki namiji ya je ofishin kamfanin a filin jirgi ya nemi takardar da ke tabbatar da cewa jirgi mai wannan lambar an karkatar da shi a wannan ranar. Abu ne da ake bayarwa, ma'aikata na karɓa su kai wa shugabanninsu, masu inshora ma na nema. In suka yi jan ƙafa, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da teburin kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirgi. Akwai kuma manhajar Flightradar24 da ke nuna hanyar da jirgi ya bi a kan taswira, har da'irar shawagin da kuka yi, sai dai tsohon tarihi sai mai biyan kuɗi ke gani. Wanda ya je tarbarki a Legas ya yi ta jira har dare ma shaida ne, shi ya ji abin da aka sanar.

Amma 'yata, takardar nan ta rufe bakin yayar miji ce, ba ita za ta gyara miki ɗaki ba. Ki lura da abin da kika rubuto da hannunki: bai ce kin yi wani abu ba. Ki ɗan zauna a inda ya zauna daren nan. Shi ya saya miki tikiti, shi ya kai ki, ya san ƙarfe nawa ya kamata ki kira. Ya kira wayarki a kashe, ya kira Legas an ce jirgi bai sauka ba. Mutumin da aka ce masa jirgin da matarsa ke ciki bai iso ba, ba zargi ne ke fara zuwa masa ba, mutuwa ce. Ya kwana yana lissafin yadda zai gaya wa yara da iyayenki. Da safe sai ga muryarki lafiya lau. Maza da yawa ba su iya cewa na tsorata ba, sai tsoron ya fito musu a matsayin fushi, fushin kuma ya nemi inda zai rataya. Ya samu inda zai rataya, don akwai tambaya ɗaya da ke cinsa: an ba ki aron waya, me ya hana ki kira? Ke kin san amsar, kuma amsar gaskiya ce, yawancinmu yanzu waya ce ke riƙe mana lambobi. A kunnensa kuwa abin da ya ji shi ne shekara da shekaru da aure ko lambarsa ba ki haddace ba.

Saboda haka kada ki tare shi da takarda a hannu kamar mai zuwa kotu. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, ki fara da darensa kafin naki. Ki tambaye shi yadda ya kwana, wa ya kira, ƙarfe nawa ya ji labari. Ki ba shi haƙuri a kan lambar, a kanta kaɗai, don ita ce kawai taki a cikin wannan lamarin, hadari da matuƙi da ɗan sandan Kwatano ba ke kika aiko su ba. Sannan ki karanto masa lambar da ka. Takardar kamfani kuma ki miƙa masa ki ce ga shi, ko wani zai tambaye shi. Shi ya kamata ya kai wa yayarsa, ba ke ba. In kika je da kanki kin buɗe filin musu, in shi ya je magana ta mutu.

In kuwa bayan duk wannan ya fito fili ya ce zarginki yake, to magana ta tashi daga ta jirgi. Zargin matar aure ba ƙaramin abu ba ne a addini, kuma ba a barinsa ya yi ta ruɓewa a ɗaki. Nan sai ki sanar da waliyyinki a zauna da manya. Amma ban ga alamar an kai can ba a wasiƙarki.

Wasiƙar 'yata daga Kano ta sa na tono wasu biyu da suka daɗe a ajiye, su ma a kan jirgi.

Gwaggo, ina gaisuwa. Mahaifiyata tana da ciwon suga da hawan jini, duk bayan 'yan watanni tana tashi daga Maiduguri zuwa Abuja ganin likita, wani lokacin ita kaɗai, yayana ya tarbe ta a can. Wani abokina ya ce mini in hazo ya yi yawa jirgi na iya sauke mutane a Cadi ko Kamaru. Hajiya ba ta jin Turanci balle Faransanci, fasfonta kuma tun na aikin Hajji ya ƙare. In sabunta mata ne? Ko in daina barinta ta hau jirgi lokacin hunturu?

Ɗanki daga Maiduguri

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ba Hajiya lafiya. Abokinka bai yi ƙarya ba a taswira. Daga Maiduguri, Njamena ta fi Kano kusa nesa ba kusa ba, kilomita wajen 200 ne, Kano kuwa wajen 500. Haka Yola da Garwa ta Kamaru, maƙwabtan juna ne. Amma kusa ba ita kaɗai ake dubawa ba. Hazon hunturu daga can wajen arewacin Cadi yake tasowa, ranar da ya rufe Maiduguri da wuya ya bar Njamena a buɗe. Shi ya sa abin da aka fi gani lokacin hazo shi ne a ƙi tashi tun farko, ko a juya a koma inda aka fito, ko a sauka Kano. Siyasa ma na rufe hanya, kamar yadda Nijar ta rufe samaniyarta a Agustan 2023 bayan juyin mulki. A hanyar Hajiya, sauka a ƙasar waje galibi sai abin ya zo da gaggawa, kamar matsalar inji ko rashin lafiyar wani a cikin jirgi.

Kada ka hana ta jirgi. Ka san hanyar mota daga Maiduguri zuwa Abuja, ka san abin da za ta yi wa mai ciwon suga. Fasfo kuma in da hali a sabunta, yana da amfaninsa, amma ba shi ne zai cece ta a irin wannan daren ba. Ko mai fasfo sau da yawa tare ake tsare shi da sauran. Abin da zai cece ta shi ne jakar hannunta.

Akwatin da aka auna aka sa a ƙarƙashin jirgi, ka ɗauka ba ta da shi har sai ta isa Abuja. Idan jirgi ya karkata ba a sauke kaya, ko kwana aka yi. A 2001, ranar da aka rufe samaniyar Amurka bayan harin 11 ga Satumba, jirage 38 sun sauka a wani ƙaramin gari mai suna Gander a Kanada, mutum fiye da dubu shida suka yi kwanaki a can akwatunansu na kulle a cikin jirage, sai da masu kantin magani na garin suka yi ta haɗa wa mutane magungunansu. Don haka maganin Hajiya na kwana biyu ko uku ya kasance a jakar da ke cinyarta, da allurar insulin in tana yi, da na'urar gwajin suga, da takardar likita mai sunayen magungunan don masu binciken kaya. A sa mata dabino ko alewa saboda faɗuwar suga, da ɗan abinci busasshe, da mayafi mai kauri don sanyin na'ura a ɗakin jira ba ya tausayin tsofaffi. Sai takarda guda a rubuce da manyan baƙaƙe: sunanta, ciwonta, magungunanta, lambarka da ta yayanka, kowace da +234 a gaba maimakon sifilin farko, don in ba haka ba ba za ta shiga daga ƙasar waje ba. Ka sa wani ya rubuta ciwon da Faransanci a ƙasa, layi biyu ya isa.

Lokacin sayen tikiti ka nemi a rubuta tana buƙatar keken guragu ko da tana iya takawa. Wannan yana sa sunanta ya shiga jerin waɗanda ma'aikatan jirgi ke sa wa ido, kuma in an sauke mutane ba za a bar ta a baya ba. Ka kuma ja mata kunne a kan kawaici. Iyayenmu sai su ji jiri su yi shiru don kada su dami mutane. Ta gaya wa ma'aikaciyar jirgi tun jikin bai yi nisa ba. Marar lafiya na gaske ba a hana shi asibiti don ba shi da fasfo, motar asibiti na zuwa har gindin jirgi, takardu su biyo baya. Batun harshe kuma kada ya hana ka barci, a Njamena da Garwa ba a rasa mai jin Hausa ko Larabcin Shuwa ko Fulatanci, a cikin fasinjoji ma ba za a rasa ɗan kirki ba. Maganar salla a zaune da haɗa salloli da taimama in ruwa ya gagara, ta tambayi malaminta tun kafin tafiya don hankalinta ya kwanta.

Hajiya Gwaggo, ni ɗan kasuwa ne, ina yawan bin jirgin Kano zuwa Legas, fasfona kullum yana aljihu. Kwatano kuwa kamar gida ce, na san kasuwar Dantokpa, ina da mutane a unguwar Zango. In wata rana jirgi ya sauke mu can, ai ni ba zan kwana a kujera ba, sauka zan yi in kama mota ta Seme. Suna da ikon hana ni? Kuma in jinkirin ya jawo mini asara, wa zai biya?

Mai karatu daga Kantin Kwari

Alhaji, a kan takarda kana da hujja. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba biza har kwana 90, in yana da takardar tafiya mai aiki da katin rigakafi. Benin na ciki, Togo da Ghana ma. Amma tsakaninka da teburin shige da fice akwai ƙofar jirgi, ita kuma a hannun matuƙi take. In niyyarsa ya sha mai ya tashi, ba zai buɗe maka ba. Sai an kawo matakala, an samu motar da za ta ɗauke ka, an gyara takardar adadin fasinjoji, kuma in kana da akwati a ƙasa ƙa'idar tsaro ba ta son kaya su tashi mai su ya sauka, sai an tono shi daga cikin na mutane. Saboda kai kaɗai mutum ɗari su ƙara awa guda. Ka roƙa cikin ladabi, in an ce a'a ka zauna. Ɗaga murya da taɓa ƙofa laifi ne, kuma da zarar jirgi na ƙasa a Kwatano 'yan sandan Benin ne za su hau su ɗauke ka, da dokar Benin, da Faransanci.

In an kwana kuwa, ko kamfani ya rasa yadda zai yi da ku, akan bar masu fasfo su fita. Haka ta faru a Fabrairun 2020, lokacin da hazo da matsalar na'urar saukar jirage suka hana manyan jiragen ƙasashen waje sauka a Legas, aka yi ta kai su Accra. Mutane sun yi kwanaki a can, wasu suka gaji suka biyo mota ta Togo da Benin. Amma su daga waje suke dawowa, takardunsu a cike. Kai lamarinka daban ne. Ka bar Kano a jirgin cikin gida, ba wanda ya buga maka hatimin fita daga Najeriya. In ka iso Seme da hatimin Benin ba na fita, ka shirya dogon bayani, ka riƙe katin shiga jirgi da kyau. Sannan ka tuna abin da ke jakarka. Kuɗin da ka ɗauko don sari a Legas, a jirgin cikin gida ba wanda ya tambaye ka, amma da ka ƙetare tebur ka zama mai tsallaka iyaka da kuɗi. Najeriya na buƙatar a bayyana abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa, Benin ma da nata ƙa'idar. Ka auna wannan da kwanan kujera. Kuma ranar da ka sauka da ƙafarka, kamfani zai ce tafiyarka ta ƙare, motar Seme daga aljihunka.

Batun asara, zan ɓata maka rai. Ƙa'idojin kare fasinja na NCAA sun ɗora wa kamfani kula da kai idan aka samu jinkiri: abin sha da ɗan abin taɓawa bayan awa biyu, da masauki idan dare ya raba, kuma wajibinsa ne ya kai ka Legas ɗin da ka biya ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Diyya kuwa tana faɗuwa idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, hadari da hazo kuma su ne kan gaba a wannan jerin. In matsalar daga jirgin ne ko daga sakacinsu, nan kana da magana. Ko a nan ɗin ma, cinikin da ya kuɓuce maka ko kuɗin ajiyar kwantena da ya ƙaru a tashar Apapa, tabbatar da su a gaban hukuma aiki ne ja. Abin da za ka iya karɓowa cikin sauƙi shi ne abin da ka kashe da hannunka a daren, abinci ko otal, in ka ajiye rasit. Ka rubuta wa kamfani tukuna, da lambar jirgi da rana da hoton rasit, in suka yi shiru ka kai wa NCAA kwafin abin da ka rubuta.

Tunda kai mai yawan tafiya ne, ka je ofishin kamfanin layinka su buɗe maka shi ya riƙa aiki a ƙasashen waje, ka riƙa barin isasshen kuɗi a kai don kira daga can yana da tsada. Ka ajiye 'yar sefa kaɗan a cikin fasfon, don mai sayar da ruwa a filin jirgin Kwatano ba lallai ya karɓi naira ba, katin banki kuma yana iya ƙin aiki. In kana da alkawari mai nauyi da safe a Legas lokacin damina, ka bi jirgin safe tun ana gobe, kada ka bi na yamma.